Jirgi Ya Tsaya a Tsafe

Ku matso kusa, 'yan uwa, ke ma ƙawata gyara zama, tabarmar nan ta ishe mu duka. Yau hirar tasha nake ji, kuma ba tashar mota ba, inda 'yan kamasho ke fizge wa mutum jaka tun bai faɗi garin da za shi ba. Tashar jirgin ƙasa ta Tsafe nake nufi. Na ga kin taɓe baki! Na san ki, ke 'yar Gusau ce, a wurinki tasha ɗaya Allah Ya yi a duniya, taku mai layuka barkatai da rumbunan kaya. To ki yi haƙuri da mu na yau kaɗai, ƙananan tashoshi ma suna da nasu labarin, kuma nasu ya fi daɗin ji tunda kowa ya san kowa a ciki, hahaha.

Bari in fara da abin da zai ɗan sosa mana rai, mu wuce wurin: ba don mu aka gina ta ba. Wallahi kuwa. Babu Baturen da ya zauna a Legas ko Kaduna yana tunanin yadda Goggo za ta je suna Funtuwa ba tare da ƙafarta ta kumbura ba. Buhu suke nema. Jirgi ya iso Kano a 1911, a kan layin da aka taso da shi daga Baro, can bakin kogin Neja, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Legas suka zama abu ɗaya. Su Turawan auduga suka sa wa rai, don masaƙunsu na Ingila, sai manoman Kano suka duba farashi, suka duba cikinsu, suka shuka gyaɗa, wadda in ba ta sayu ba ko ba komai za a ci. Ai talaka ba wawa ba ne! Da aka ga irin abin da ƙasar Kano ke zubowa, sai ido ya juyo yamma, wajen kudancin Katsina da Zamfara, inda audugar da gyaɗar duk suke yi. Aka ɓallo reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, ya ratsa ta Tsafe, ya shiga Gusau a 1927, mil 105 ke nan daga Zariya. A 1929 ya kai Ƙaura Namoda, ya ja birki. Wai Sakkwato za shi. Shekara kusan ɗari ke nan yana hanya, Allah Ya sauke shi lafiya.

Kuma kada wata ta je ta ce jirgi ne ya haifi garuruwan nan namu, tsofaffi su yi mana ca. Yandoto, nan kusa da Tsafe, ta yi suna a karatu tun kafin jihadi, malamai da almajirai na zuwa mata daga nesa. Gusau, Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta tun zamanin Shehu. Abin da jirgi ya yi shi ne ya zo ya sake rabon arziki, garin da ƙarfe ya taɓa ya miƙe, wanda ya kauce wa ya zauna yana kallo. Gusau ce ta kwashi kaso mai tsoka, ba ma musu da ke: kantunan Turawa irin su John Holt da UAC, Kwarori, Yarbawa da Ibo da Nufawa, injin gurzar auduga, Sabon Gari, daga baya har masaƙa da injin mai. Ke kuma ta Bungudu da kike ta ƙyalƙyala dariya a gefe, ai gara ki yi shiru, 'yar uwa. Layin ta ƙasarku dai ya bi, ta wajen Nahuce, ya miƙe arewa abinsa, ko leƙa cikin garinku bai yi ba. Sai dai a ɗaura wa jaki mangala a nufi Gusau. Me kika ce? Dutsen Kwatarkwashi da fasinja ke leƙowa ta taga su kalla a ƙaramar hukumarku yake? To mun ji, amma ki je ki faɗa wa mutanen Kwatarkwashi haka, su da ke da nasu sarkin, mu ga ko za ki dawo da ɗankwalinki, hahaha.

Kun taɓa tambayar kanku abin da zai sa jirgi, da duk girmansa, ya tsaya a ɗan gari? Ba ladabi ba ne fa, dole ce. Layin ɗaya ne tak, ƙafa uku da inci shida tsakanin ƙarfe da ƙarfe, babu na tafiya daban na dawowa daban. In na Zariya ya taso, na Gusau ma ya taso, tilas a sami inda ɗaya zai raɓe ɗan uwansa ya wuce. A tasha ake yin haka, layi ya rabu biyu na ɗan wani tsawo, sannan ya sake haɗewa. Kuma a wancan zamani direba ba ya kuskura ya shiga tsakanin wannan tasha da waccan sai tashamasta ya ba shi wata alama ta ƙarfe, ita ce izininsa. Guda ɗaya ke fita a lokaci guda, sai ya kai ta tasha ta gaba an karɓa, an yi magana ta waya, sannan wani jirgin zai samu. Yaran gari kan ce makullin jirgin ne ake ba direba aro. Ga kuma ƙishirwa. Kan jirgi na wancan zamani kwal ɗin Inugu yake ci, ruwa yake sha, kuma in ya kafa kai a tanki sai ka ce raƙumin da ya fito daga Azbin. Dole a tanadar masa mashaya a hanya. Saboda haka ko babu fasinja ko ɗaya, da ƙananan tashoshin nan babban jirgi ke numfashi. Kin ji ko, 'yar Gusau? Ba don mu ba da ko ƙofar garinku bai gani ba!

Amma mu ina ruwanmu da wannan lissafi. Abin da muka sani shi ne a da jirgi na ba mu 'yan mintoci, kuma cikin mintocin nan ake cin kasuwar yini guda. Tun kafin a gan shi ake jin sa. Inna takan ce ita ba da kunne take fara ji ba, da tafin ƙafa, ƙasa ce ke ɗan motsi. Yara su kwanta su manna kunne a jikin ƙarfe, mai tuta ya biyo su a guje yana "ku tashi nan, ɗiyan banza!" Sai usur daga nesa, sai 'yan talla su zabura. Faifai a ka, ƙwarya a hannu, ga fura da nono, ga hoce, ga rake, ƙwan zabi, dafaffiyar gyaɗa, rogo da garin ƙuli. Ta taga ake ciniki, mai saye a sama, mai sayarwa a ƙasa tana ɗage, kuma uwa ta riga ta ja kunne tun daga gida: kada ki saki kaya sai kuɗi ya shigo hannunki. Canji kuwa, in jirgi ya motsa kafin a gama ƙirga shi, hmm, wannan tsakanin mutum da Ubangijinsa. Kowane gida na bakin layi yana da labarin fasinjan da jirgi ya tashi da shi da ƙwaryar mutane a baki, yarinya na bin tarago tana kuka, "Malam ƙwaryata! Ta innata ce, kashe ni za ta yi!" Wani ya jefo ta, ta faɗi a kan tsakuwa ta dare biyu. Wani kuma ya riƙe abinsa, ranar da ya dawo ya leƙo yana cigiyar mai ƙwarya, ya miƙo ta a wanke tas, da goro biyu a ciki. Allah sarki, mutanen da.

Kawu ya ce su a zamaninsu kwabo suke ɗorawa a kan ƙarfe, irin mai huda a tsakiyar nan. Jirgi ya bi ta kansa, su ruga su ɗauko shi ya baje, da zafinsa, hudar ta karkace, a yi ta zaga gari da shi ana nunawa. Kwabo fa, jama'a! Lokacin da kwabo ke sayen abin da zai riƙe ciki. Ya ce dukan da ya sha a kan wannan, har ya tsufa in ya tsallaka layin dogo sai ya ji bayansa na ƙaiƙayi, wayyo Kawu, hahaha.

Shi kuwa tashamasta ai wani ɗan sarki ne a fadarsa. A shekarun farko yawancin ma'aikatan reluwe masu riƙe alƙalami mutanen kudu ne, don su boko ya fara isa wa. A ɗauko mutum daga Abekuta ko Anaca, a ajiye shi a ɗan gida bakin layi, shi da matarsa da agogonsa da fitilarsa, babu dangi babu coci kusa. Da farko Hausar a karye, yara na kwaikwayonsa a bayan ido. A ba shi shekara biyu, sai ki ji yana "awo, awo" da "mi kike so?", har ya fi ɗan gari iya ja. Matarsa ta shiga gidaje barka da ta'aziyya, ta koyi tuwon dawa da miyar kuka, ita kuma ta koya wa maƙwabta miyar da ke sa hanci zuba. Shi ake kai wa wasiƙar boko ya karanta, shi ake tambaya ko ɗan wane ya sauka, shi ake tambaya ƙarfe nawa. Kafin nan ai lokaci na rana ne da na ladan, hantsi, azahar, la'asar sakaliya, almuru, kowa ya gane. Jirgi ne ya zo mana da ƙarfe kaza da minti kaza. Abin dariyar, shi da ya kawo dokar shi ya fi kowa karya ta. A ce ƙarfe biyu, ki yi wanka ki shafa mai ki zauna a kan akwatinki, sai kin yi sallar magariba a tasha. Kuma ba mai fushi! A shimfiɗa tabarma, a buɗe guzuri, kafin ya iso an ƙulla zumunci, wani lokaci har an ƙulla aure.

Kaka ce lokacin da tasha ke cika ta batse. Jakuna da raƙuma daga ƙauyuka, buhu kan buhu, sikeli na lilo, ɗan baranda na rantsuwa, manomi ya kafa wa allurar sikeli ido don ya san akwai inda ake cutarsa, bai dai gano wurin ba. Auduga a kai ta fuloti a auna, a tura ta inji, gyaɗa a jibge ta ana jiran tarago, 'yan dako na gudu a kan katako da buhu a wuya, zufa na tsiyaya. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumomin cinikin amfanin gona suka karɓe sayen, su ke yanke farashi, rarar kuma ta tafi inda ta tafi. Duk da haka ɗan abin da ya rage a hannun manomi shi ke juya gari. Jirgin da ya tafi da buhu zai dawo da goro daga ƙasar Yarbawa, da gishiri, da kananzir, da atamfa, da kwanon rufi, da keken Raleigh mai ƙararrawa. Shi ya sa da an ce kaka ta yi kyau, sai 'yan mata su fara sunkuyar da kai, tsofaffi su fara ƙus-ƙus a ɗaki. Kun dai gane, kada ku sa ni faɗi!

Amaryar jirgi kuwa, ai Inna ba ta gajiya da ba da labarinta. An sha lalle, an sha turare, an naɗe ta cikin farin mayafi za a kai ta Zariya, ƙawaye sun cika tarago da tasoshi da kwalla da buhun gara, kowace na riƙe da abin da aka damƙa mata amana. Kujerar katako, taga a buɗe don zafi, hayaƙin kwal na shigowa da ɓurɓushinsa. Ita amarya dole ta yi kuka, al'ada ce, to hawaye ya haɗu da kwalli, kwalli ya haɗu da baƙin hayaƙi, kafin Funtuwa mayafin ya sauya launi, kafin Zariya sai an nemi ruwa an sake wanke fuska, kada dangin ango su ce an musanya musu. Ga kuma tsohuwar nan da kowa ya san labarinta, wadda ta zo shiga tarago, ta ga ɗaki ne na mutane, ta tuɓe takalmanta a ƙofa, ta yi sallama ta shiga. Da aka isa ta leƙo tana neman su. Mutanen Funtuwa na cewa a tasharsu aka yi, na Ƙaura ma haka suke cewa. Ni dai na ce tamu ce, don irin wannan ladabin sai mu, hahaha, wayyo Allah.

Ku ɗan rage murya, akwai inda tsofaffi ke daina dariya in hira ta kawo nan. Layukan Arewa da hannu aka yi su, da diga da shebur da kwando a ka, kuma ba kowane lebura ne ya je don ransa na so ba. Ta hannun hakimai da dagatai ake ɗebo mutane, a ce gari kaza ya kawo mutum kaza. Lokacin yaƙin Hitila ma, tsakanin 1942 da 1944, aka yi ɗiban gwamna daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, sanyin can da ƙarancin abinci suka kwantar da da yawa, ba su dawo ba. Wasu kuma soja aka ɗauke su, har Bama. Jirgin da ke kawo atamfa, shi ɗin dai ke tafiya da 'ya'yan mutane. Kakarmu in ta ji usur cikin dare takan tashi zaune ta yi salati, mu muna tsammanin tsoro ne. Sai da muka girma muka ji akwai ƙaninta da ta raka tasha. Hmm. Allah Ya jiƙan na ƙasa.

Yadda abin ya lalace kuwa, ba rana ɗaya ba ne, kuma ba mutum ɗaya ba ne. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a 1964 jiragenta suka ɗauki fasinja sama da miliyan 11, kowa na ganin gaba sai abin da ya ƙaru. Sai rikicin 1966 ya zo, ma'aikata 'yan Gabas suka tattara suka tafi, wasu maƙwabta suka rabu ko sallama ba a yi ba. Yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya datse hanyar kwal ɗin Inugu. Kan jirgi mai shan dizal ya maye gurbi, shi kuwa ba ya neman mashaya a hanya. Sai farin 1973, sai annobar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta zama labari. To jirgin da don buhu aka yi shi, in babu buhu me zai zo yi? Ga kuɗin fetur ya shigo, ga kwalta daga Zariya zuwa Sakkwato, tana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da layin har Gusau, tirela ta kwashe kaya, Fijo ta kwashe mutane. An kawo Indiyawa a 1979 su gyara harkar, an kawo 'yan Sin a 1995 zamanin Abacha, kowa ya taɓa ya tafi. Ranar da aka ba mu jiha, 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, jirgin da ya ɗaga ta ya riga ya zama baƙo.

Kuma tsakaninmu, tunda babu bare a nan, mu ma da hannunmu a ciki. Wace ce a cikinmu za ta zauna kan akwati tun azahar alhali ga mota na kiran "Gusau mutum ɗaya"? Kasuwar ma tashi ta yi ta koma bakin titi, 'yan tallan da kakanninsu suka bi tarago yanzu tagar bas suke bi, da ruwan leda da soyayyar gyaɗa a ƙulle. Mun so sauri, mun samu. Ba mu san akwai ranar da za mu zauna muna kewar abin da ke makara ba, kai duniya.

Yanzu da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama sai da addu'a, a shiga mota ana karanta duk abin da aka haddace, ana kiran gida a kowane gari ana cewa "mun wuce wuri kaza", sai ki ji mutane na cewa ina ma jirgi. Na san ba magani ba ne, harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022 bai bar mu da wannan ruɗin ba. Amma dai akwai wata natsuwa a tafiyar da ake yi da jama'a, gari guda a cikin taragu, da tsofaffi da jarirai da kaji a kwando, ki miƙe ƙafa, ki yi gyangyaɗi a kafaɗar wadda ba ki taɓa gani ba, ta kuma bar ki. Sabon layin da aka aza harsashinsa a 2021, na Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Mu dai a rediyo muke jin sa, muna taya su murna da rabin baki.

Af, na tuna, kada in yi wa tsohon layinmu ƙarya, ya motsa fa! A 2016 aka loda shanu wajen 500 a Gusau, aka nufi Legas da su, mayankar Oko-Oba da ke Agege, da manyan baƙi da 'yan jarida da ɗaukar hoto. Kuma ta Tsafe suka bi, tunda babu wata hanyar. Ku duba min wannan abu don Allah. Mu da muka shekara da shekaru muna jiran a sayar mana da tikiti, mun tanadi guzuri, mun tanadi zanin fita, sai ga bajimai sun riga mu hawa, suna leƙo mu ta tsakanin ƙarafa suna tuƙa, ko sannu babu. Me kika ce, ta Bungudu? Ai su tikitin zuwa kaɗai aka yanka musu? Ke dai Allah Ya shirye ki, hahaha, wayyo cikina!